Yadda Mainasara Ya Turke Ɗan Ƙwallo

Har yau in aka zauna a tashar Kiru ana hirar yadda Munir ya shiga ƙungiyar ƙwararru, sai ka ji kowa yana yabon ƙafarsa ta hagu. Ba mai tuna Mainasara. In ma an tuna shi, to dariya za a yi, wani har da faɗowa daga benci. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Gara a ɗauko maganar daga tushe, kowa ya ji irin ɗawainiyar da bawan Allah ya yi, da irin sakayyar da aka yi masa.

Mainasara dillalin shanu ne a karar Tudun Wada, shekara ashirin da biyu yana sana'ar. Mutum ne mai ji da kansa: gemu a rine baƙi wuluk, hula a karkace, ga ɗan madubi a aljihun gaba da yake zarowa ko ana tsakiyar ciniki. A faɗarsa, bai taɓa riƙe igiyar sa ba tare da ya sayu ba.

"Ni fa," yakan ce, "ko tsohuwar akuya mai tari aka ba ni, sai na sayar da ita a matsayin ragon layya, mai saye yana yi mini godiya."

Munir kuwa ɗan yayarsa Furera ne. Shekararsa goma sha tara, mai tsaron baya ne a ƙungiyar matasan Kiru, dogo siriri kamar an zaro shi daga damin kara. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, saboda haka duk wata babbar magana tasa sai ta bi ta hannun kawu.

Wata Lahadi suka buga wasa a Bebeji. Ashe cikin 'yan kallo akwai wani koci mai suna Kamaluddeen, na wata ƙungiyar ƙwararru irin masu sa hannu a kwantiragi su riƙa biyan ɗan wasa duk wata. Da aka tashi ya ja Munir gefe.

"Kana karanta wasa," ya ce, "kuma ƙafarka tsaf take. Amma ba ka da jiki. 'Yan gaban da za ka tarar can, kafaɗa ɗaya za su yi maka ka tsinci kanka cikin 'yan kallo. Nan da mako uku, ranar Asabar, kuna da wasa da Tudun Wada. Zan zo. Gurbi ɗaya ya rage mini a baya, kuma Litinin da ke biye za a rufe rajista. In ka gamsar da ni, takardar tana cikin jakata."

Munir ya kawo labari gida, ya tarar da kawunsa a tsakar gida da kwanon tuwo a gabansa. Mainasara ba ya zuwa gidan yayarsa don abinci, Allah ya sani. Hanya ce kawai take biyowa da shi daidai lokacin da ake kwashewa.

"Me ya ce? Maimaita mini," in ji shi.

"Ya ce ba ni da jiki, Kawu."

"Shi ke nan aibun?"

"Shi ke nan."

Mainasara ya ture kwano, bayan ya tabbatar ba sauran komai a ciki, ya miƙe tsaye. "Yaya, ki rangaɗa guɗa! Mai saye ya zo, ya duba, ya faɗi aibu ɗaya tak, kuma aibun nan shi ne sana'ata. Ramammen sa nawa aka kawo mini ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, na turke shi, ya fito yana rangaji? Mako uku ai ya yi mini yawa."

Furera, wadda ba ta kama sunan ɗanta na fari, ta ce, "Mainasara, yaron nan fa ba sa ba ne."

"Ban ce sa ba ne. Sa ai ya fi shi hankali. Kin taɓa ganin sa yana gudu ba a kore shi ba?"

Washegari turka ta fara. Doka ta farko: ba gudu, ba atisaye, domin gudu shi ke cinye kitse. Aka shimfiɗa wa Munir tabarma a zaure. Da safe koko da ƙosai, da hantsi fura, da rana wake da shinkafa, da la'asar ƙuli-ƙuli da dankali, bayan magariba tuwo malmala uku. Mainasara ya kafa kujera a bakin ƙofa yana gadi. Kowace safiya sai ya zaro igiya ya zagaya cinyar yaron da ita, ya ɗaura ƙulli, sannan ya mintsini kwiɓinsa ya kaɗa kai irin na masana.

Kwana biyu ba a yi ba unguwa ta ɗauka. Hauwa mai ƙosai ta leƙo da tallenta, ta ce, "Mainasara, ba a ajiye masa gishiri ya riƙa lasa?" Wasu samari suka jingina damin harawa a ƙofar zauren suka gudu. Ɗahiru mahauci, maƙwabcinsu, shi kullum sai ya tsaya ya ƙare wa Munir kallo sama da ƙasa.

"In ya kai, a tuna da maƙwabta," ya ce. "Kar a kai shi Kudu."

"Yi ta ba'arka," in ji Mainasara. "Ran da ka ga yaron nan a talabijin, da bakin nan za ka ce tare kuka tashi."

Da mako ya cika, Mainasara ya tasa shi gaba zuwa wurin masu awon masara, jama'a na biye. Munir ya hau sikeli. Mai awo ya duba, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake dubawa.

"Ya ragu da rabin kilo."

"Sikelinka ya lalace," in ji Mainasara. "Sauka, ɗan nan, in gwada shi. Ni na san nauyina, shekara goma bai motsa ba."

Ya hau. Allurar ta yi tsalle ta wuce inda ya sani da kilo biyar.

To ina laifinsa? Mai kiwo na gari ba ya miƙa wa dabba abin da bai ɗanɗana ba. Shi kuwa Munir, daga baya aka gane, daga masallaci bayan sallar asuba ba gida yake yowa ba. Fili yake zarcewa ya yi zagaye goma sha biyar, ya dawo ya kwanta a tabarma kamar bai san komai ba kafin kawu ya iso. Yaran yanzu ke nan: kana gini, suna rushewa da ƙafa.

Mainasara ya ce ruwan Kiru ne ba ya karɓar yaron. Ya ari babur, ya goya shi, suka nufi Doguwa, rugar wani Bafulatani tsohon abokin cinikinsa mai suna Dikko, can gindin duwatsu. Damina ce, hanyar daji duk taɓo. Sau biyu suna faɗuwa, kuma duka biyun, in ji Mainasara, Munir ne ya zauna a karkace.

Dikko ya fito da sanda a kafaɗa. Aka gaisa, aka tambayi shanu da iyali da ruwa, sannan ya ce, "Kaɗo, yau ba kasuwa ba. Me ka zo sayarwa?"

"Kiwo na kawo. Kindirmo nake so a ɗura wa yaron nan safe da yamma, daga nono zuwa baki. Sannan zan koya masa tarewa. An ce 'yan gaba za su ture shi. Wanda ya iya tare bijimi, ɗan Adam mai ƙafa biyu zai ture shi?"

"Kai ka iya tare bijimin?"

"Dikko, da wa kake magana?"

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Munir, ya duba gemunsa a madubi, ya shiga garke. Ya zaɓi wani farin bijimi mai tozo kamar tulu.

"Duba nan, ɗan nan. Ido cikin ido. Ka buɗe hannuwa, ka kafa ƙafa, ka daka masa tsawa. Dabba da ɗan gaba duk ɗaya ne, zuciya suke karantawa."

"Kaɗo," in ji Dikko, "da ka zaɓi wani."

"Don me?"

"Wannan shi ne na ba ka bara, ka yini kana murɗa masa wutsiya a kara, bai sayu ba, na dawo da abina."

"Ban tuna ba."

"Shi ya tuna."

Mainasara ya daka tsawa. Bijimi ya ɗago kai, ya dube shi, ya karanta zuciyar tsaf. Ya sunkuyar da ƙaho.

An ce mutum mai shekara hamsin ba ya hawa tsamiya. Ƙarya ne. Mainasara ya haye ta kafin takalminsa na dama ya faɗo ƙasa. Bijimin ya tsaya a gindi yana tonon ƙasa da ƙafa, matan ruga suka fito daga bukkoki suna dariya har da tafi. Munir ne ya ajiye riga ya shiga. Bai yi tsawa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ɗan karkace jiki ya tsaya ta gefe, bijimi ya yi dama ya tarar da shi, ya yi hagu ya tarar da shi. A hankali a hankali ya rufe masa kowace hanya sai ɗaya, wadda ta nufi shinge. Bijimin ya yi huci ya bi ta.

Dikko ya daɗe yana kallon yaron. "Wannan ya san inda dabba za ta tun ba ta sani ba. Kaɗo, ka bar shi yadda Allah ya yi shi."

"Ai abin da nake nuna masa ke nan," in ji Mainasara daga kan reshe. "Kun ga yadda ya ɗauka da wuri? Miƙo mini takalmina."

Kwana goma suka yi a ruga. Munir ya sha nono har ya fara ƙin jin warinsa, yana bin shanu kiwo kan duwatsu. Ya dawo Kiru da ƙarfi kamar igiyar rijiya, kuma da kaurin igiyar rijiya. Ƙullin da ke jikin igiyar awo bai matsa ko kaɗan ba.

Saura kwana uku. Da wani ne da ya karaya, amma dillali yana da dabarun jajibirin kasuwa. Mainasara ya hau mota zuwa Bebeji, ya sayo yankakken soso wurin masu katifa, ya kai wa tela ya ɗinke shi cikin singileti: ƙirji, kafaɗu, har da ɗan tudu a gadon baya. Ya kawo gida ya baje a gaban yayarsa.

"Kawu, wannan ai ha'inci ne," in ji Munir.

"Ha'inci? Kwalliya ce. In aka yi wa amarya lalle, an cuci ango?"

"Da shi fa zan yi gudu."

"Soso ne! Iska ce aka ɗinke! Ɗaga ka ji."

Munir ya dubi mahaifiyarsa. Furera ta gaji, mako guda cur ta yi tana tuƙa tuwon mutum biyar tana ganin ƙanenta yana kumbura. "Sa masa rigar kawai," ta ce wa ɗanta, "ko ma samu ya koma gidansa."

Ranar Asabar filin wata makarantar firamare a Tudun Wada ya cika ya batse. Mutanen Kiru sun zo mota biyu, Ɗahiru mahauci a gaba. Dillalan kara kaf sun hallara, don Mainasara ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce su zo su ga yadda ake ciniki. Shi kansa ya sha farar shadda mai aiki, sabuwa dal. Hadari ya haɗo ta gabas, amma wa ke duban sama?

A bayan aji ya tsayar da Munir, ya shafe masa hannuwa da ƙafafu da man shanu don ya yi sheƙi. Sannan ya fito da galan da moɗa. Jiƙon jar kanwa ne, irin wanda ake ba sa kafin a shiga da shi kasuwa, ya yi ta shan ruwa cikinsa ya cika ya yi fam.

"Shanye."

"Kawu, na sa riga, na yarda an shafa mini mai kamar za a gasa ni. Wannan kam ba zan sha ba."

"Kana mayar mini da magana a gaban mutane?"

Mutane kuwa sun taru. Ɗahiru ya ce, "Mainasara, in abin kirki ne, ai babba ke farawa."

"Kana nufin tsoro nake ji?"

"Ni ban ce ba."

Mainasara ya cika moɗa ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Fuskarsa ta so ta yamutse, ya hana ta. Wani dillali ya ce ai moɗar ƙarama ce. Ya sake cikawa ya shanye, ya kife ta a ƙasa.

"Ga shi nan. Me ya same ni?"

Munir dai bai sha ba. Kafin a sake magana aka ce koci ya iso.

Mainasara ya kamo wuyan hannun yaron ya ja shi har gaban baranda, inda aka jera wa manyan baƙi benci. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya ɗaka masa duka a cinya.

"Ranka ya daɗe, ga kaya. Lafiyayye, ba tari, ba ɗingishi. Buɗe baki, ɗan nan, ya ga haƙora."

Koci Kamaluddeen ya cire tabarau. Yaron da ya bari kamar sanda, ga shi da ƙirjin ɗan dambe a kan ƙafafun balbela.

"A mako uku?"

"Kiwo ne, ranka ya daɗe. Sirrin gida."

Koci ya miƙa hannu zai dafa kafaɗar, Mainasara ya tare da sauri. "Ba a taɓawa sai an taya."

Koci ya janye hannunsa. Ya zauna, ya ɗora jakarsa a cinya. Mainasara ya zauna a gefensa ya harɗe ƙafa.

Aka busa usur. Ɗan gaban Tudun Wada wani gajere ne mai faɗin ƙirji na gaskiya, Mudi, ana ce masa Walƙiya. Minti goman farko bai ga ƙwallo ba. Duk inda ya nufa sai ya tarar Munir ya riga shi. Mainasara yana ta zungurin koci da gwiwar hannu: "Ka gani? Ka ga kiwo?"

Sai sama ta tsage.

To, Mainasara ya san shanu, ya san kanwa, ya san mutane. Abin da bai taɓa bincika ba shi ne halin soso in ya ga ruwa. Kuma tsakani da Allah, mai katifar bai gaya masa ba.

Cikin minti biyar Munir ya fara gudu kamar mai ɗauke da jarka biyu. Aka ɗago wata ƙwallo ya tare da ƙirji, ta yi "tsok" ta faɗi nan take, ruwa ya yi tsartuwa ya wanke fuskar alƙalin wasa. Mudi ya zo ya yi masa kafaɗa, sai ga ruwa yana zuba daga hammatarsa kamar ana matse wanki. Ɗinkin tela ya fara sakewa. Kafaɗar dama ta sauko ta koma ciki, ta hagu ta zagaya ta zauna a kan kwankwaso.

"Lamba biyar ɗin Kiru yana da juna biyu!" wani ya ƙwala daga cikin 'yan Tudun Wada. "A kawo ungozoma!"

Mudi ya yanke shi ta dama, Munir ya juya, cikin ya ƙi juyowa tare da shi. Mudi ya wuce ya zura ƙwallo a raga. A wurin da Munir ya zame, wani yanki rawaya ya faɗo daga ƙarƙashin jesi. Alƙali ya tsince shi, ya ɗaga sama, ya matse. Ruwa ya tsiyaya.

Dillalan kara suka haɗa baki: "Aikin Mainasara ne!"

Koci ya juyo a hankali ya dube shi.

"Ni ma yanzu nake gani, ranka ya daɗe," in ji Mainasara. "Yaran yanzu."

Koci ya zuge jakarsa ya rufe.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Munir ya zo baranda ruwa na ɗiga daga jikinsa. Ya cire jesi, ya fizge singiletin, ya ɗora ta a cinyar farar shadda.

"Kawu, riƙe mini ƙirjinka." Sannan ya russuna wa koci. "Koci, na yi kuskure. Ka ba ni minti arba'in da biyar, da jikin da Allah ya ba ni."

"Ba kai nake jira ba," in ji Kamaluddeen. "Ruwa nake jira. Yana ɗaukewa zan shiga mota."

Aka dawo. Kamar an kwance wa yaron dabaibayi. Mudi ya zo da kafaɗa, Munir ya goce, kafaɗar ta daki iska, ƙwallo na ƙafar Munir. Aka ɗago ta sama, ya fi kowa tashi. Aka turo ta ƙasa, tun ba ta bar ƙafar mai turowa ba ya tsaya a hanyarta. Kiru ta farke, ɗaya da ɗaya. Furera ba ta zo ba, amma Hauwa mai ƙosai ta yi guɗa a madadinta. Koci yana kallon fili, yana kallon sama. Ruwan kuwa sai raguwa yake, ya koma yayyafi.

Mainasara bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, domin tun farkon dawowa wani hadarin ya haɗo masa daga ciki. Da farko ƙugi ne ƙasa-ƙasa. Koci ya ce, "Tsawa ce?" Mainasara ya ce tsawa ce. Ya sauke ƙafar da ya harɗe, ya harɗe ɗayar. Ya matse. Ya karanta duk abin da ya haddace. Ya raɗa wa na kusa da shi tambayar banɗaki, aka ce a kulle yake, yau Asabar, makulli na wurin hedimasta. Bayansa bango, dama da hagu jama'a sun cushe a baranda suna fakewa, ko allura ba ta wucewa. Gabansa fili. Can ƙarshen filin, bayan ragar Kiru, ga wata gonar masara ta yi tsayi, kore shar, tana kaɗawa kamar tana kiransa da suna.

Saura minti huɗu, ruwa ya ɗauke cak. Koci ya miƙe ya rataya jaka.

Mainasara ma ya miƙe. Ya tattare babbar riga ya rungume ta a gaba, ya diro daga baranda, ya ratsa fili a guje.

Daidai lokacin golan Tudun Wada ya dako wata doguwar ƙwallo. Ta yi sama, ta yi sama, ta sauko, ba ta zaɓi ko'ina ba sai cikin rigar da Mainasara ya tattare. Shi bai ma san ta shiga ba. Gona yake gani, kuma ragar Kiru ce tsakaninsa da ita.

Filin ya ɗauka. 'Yan Tudun Wada suna ihu, "Ci! Ci, Baba!" Alƙali ya kai usur baki, dariya ta ƙwace masa, usur ya faɗa cikin taɓo, ya durƙusa yana lalube. Sauran 'yan bayan Kiru suka dare, don ba wanda zai sa wa dattijo ƙafa. Gola ya tsaya ya dafe kai. Mudi kuwa, da bai ji usur ba, ya bi gefen Mainasara yana roƙo: "Baba, ba ni! Ba ni nan!"

Mutum ɗaya ne ya rage a hanya.

"Kawu, tsaya!"

"Kauce, ɗan nan! Ba ƙwallo ce ta dame ni ba!"

A bakin da'irar gola ƙwallon ta suɓuce daga riga, ta daki ƙaurin Mainasara, ta gangara gaba. Mudi ya ɗaga ƙafa zai narka ta. Munir bai dubi fuskar kowa ba. Ya kwanta a taɓo ya zamo da ƙafar hagu, ya share ƙwallon tas ta fita gefe. Mudi ya tsallake shi. Mainasara bai tsallake ba. Ya tashi sama, shadda ta buɗe kamar laima, hula ta yi gabas, madubi ya yi yamma, ya sauko da gadon baya, tim.

Filin ya yi tsit. Cikin wannan shirun ne kanwa ta cika alkawarinta, kuma ba a ɓoye ta cika shi ba. Har na baranda sun shaida.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Akwai dillalin da sai da aka yi masa fifita.

Koci Kamaluddeen ya tako cikin fili, takalminsa na nutsewa a taɓo, ya tsaya a kan Munir. Ya ɗan dubi inda iska ke kaɗawa, ya koma ɗaya gefen.

"Na shekara goma sha biyar ina neman masu tsaron baya," ya ce. "Na ga masu ƙarfi, na ga masu tsayi. Ban taɓa ganin wanda ya hana kawunsa wucewa ba. Kuma ƙwallo ka fara taɓawa." Ya zuge jaka ya zaro takarda. "Jiki mu za mu gina maka, da ƙarfe, ba da katifa ba. Litinin da safe ina son ganinka. Wa zai sa hannu a matsayin shaida?"

Daga ƙasa hannu ya ɗago. "Ni ne waliyyinsa, ranka ya daɗe."

"Yi zamanka, Alhaji. Kar ka motsa."

Ɗahiru mahauci ne ya sa hannu. Mahauci! Mutumin da ko ƙosai ɗaya bai taɓa ɗanɗana wa yaron ba.

Saura minti uku a buga, ga dattijo kwance a gaban raga ya ƙi tashi. Alƙali ya tsinci usur ɗinsa ya zo ya roƙe shi. Mainasara ya ce ko Sarkin Kara ne ya zo ba zai tashi ba sai kowa ya watse. Jama'a kuwa ba mai niyyar tafiya, wasu ma kiran 'yan uwansu suke a waya.

Munir ya miƙa wa Ɗahiru takardar ya riƙe masa. Ya dubi kawunsa, ya dubi gonar masara, taku ashirin. Ya juya ga abokan wasansa ya tafa hannu, da muryar da yake amfani da ita in za a buga musu firikik.

"Katanga! Mutum shida! Ku haɗa kafaɗa!"

Suka jeru suka kewaye shi, suka ba shi baya, kowa ya toshe hanci da jesi. Mudi ma ya zo ya cike gurbi. Katanga ta fara tafiya a hankali, gefe-gefe, ta nufi masara, filin gaba ɗaya yana tafa mata.

Daga tsakiyarta aka ji muryar Mainasara, a shaƙe amma da iko.

"Kai mai lamba uku, matso! Akwai ɓaraka ta hagu. Haka aka koya muku tsaron baya?"